Ranar da Kwamfuta Ta Yi Ta Gaskata Ni

Ko komai zan manta, ba zan manta da ranar da na kare aikin bincikena a gaban mai jarrabawa a makarantarmu ta Kaura Namoda ba, tun muna jihar Sakkwato. In na faɗi, sai na maimaita shekara, ga shi an riga an sanar a garinmu Dauran cewa na gama boko.

Aikin kan hoton ƙashi ne, na asibiti. Maimakon a yi ta haska mutane don gwaji, kwamfuta ce ke kwaikwayon hasken: ta jefa wa kowane ɗigonsa ƙuri'a, ko ya ratsa tsoka, ko ƙashi ya tare shi, ko ya kauce. Daga dubban ƙuri'u ake gane mafi ƙarancin hasken da zai ba da hoto mai kyau. Kwamfutar sashenmu ɗaya ce tal (da mayafinta, kuma sai ka cire takalmi kafin ka gaishe ta).

Duk gwajin da na sake, amsa ɗaya take ba ni, ko ɗigo ba ya sauyawa. Na ɗauka baiwa ce.

Ranar jarrabawar, tun da safe gumi ya jiƙa rigar aron da na sa. Ina shiga ɗakin na hango Kawuna a kujerar baya, ya sha babbar riga, ba wanda ya gayyace shi. Mai jarrabawar wani dattijon Dakta ne daga Zariya, mai magana a hankali kamar ba ya son tada kowa.

Tsoro ya sa na cika baki. Na ce da Turanci, aikina ba ya kuskure, kullum amsarsa ɗaya.

Dakta ya cire tabarau. "Ɗana, lambar da kwamfuta ke fara ƙuri'a da ita, kana canza ta kuwa?"

Ban ma san ana canzawa ba. Ashe in ba ka canza ba, ƙuri'ar jiya take maimaita maka. Gwaji ɗaya na yi ta yi wata da watanni ina wa kaina barka.

Ya juya Hausa don ta shige ni sosai: "Mai sayen gero ma ba wuri ɗaya yake tsoma hannu a buhu ba."

Ɗaki ya kwashe da dariya, malamina ya sunkuyar da kai. Na so ƙasa ta tsage. Kawu kuwa jin an ambaci gero ya miƙe: "Gaskiya ta, Dakta. Mu munka koya mai, tun yana ƙarami."

An ba ni lokacin hutun makaranta in sake aikin, na zauna Kaura ina ɓuya, a Dauran ana cin tuwon murnata.

Tun daga ranar, duk wanda ya cika gaskata ni, mutum ko na'ura, sai in tsargu.