Bakwai da Ɗaya a Bakin Gada

"...ya gajiya kuma, bawan gidanmu? Ko da yake mai zaman fada ina ya ga gajiya!"

Haka Bibata ta faɗo mana a bakin gada, ranar da sakamakon jarrabawa ya fito. Muna zaune ni da Seyni a fada, wato majalisar shayi ta samarin unguwa, an ɗora shayi bai nuna ba. Su biyun taubasai ne, uwarsa da ubanta ciki ɗaya. Bara Seyni ya faɗi, har Bibata ta cim masa a aji ɗaya a jami'a. Ubanta, Alfa Djibo, shi ke riƙon Seyni, ya kuma rantse in ya sake faɗuwa bana sai ya koma Kollo noman shinkafa. Tun safe Seyni ke cewa zai haye gadar ya dubo, har azahar bai motsa ba.

"Lafiya lau, baiwar uwata," in ji shi. "Wa ya kwance ki da tsakar rana?"

"Daga makaranta nake. Ka je ka gano naka, ko ƙafafun sun ƙi?"

"Ni? Sakamako ne zai zo ya gaishe ni har nan."

"Hannunka na rawa."

"Zafin kofi ne."

"Kofin da babu komai a ciki?"

Ya dire kofin. "Ke dai kin cuce ni. Shekara guda kina buga mini ƙofa da sassafe kamar gobara ta tashi, wai in shiga aji. Shiga aji aikin banza ne, ina da hujja. Bara mu ashirin muka faɗi, goma daga cikinmu kullum suna gaban malami har da ɗaga hannu. Rabi da rabi! To ina amfanin?"

"Kai dai wannan kan naka don hula aka yi shi. Ta wutsiya ka kamo lissafin. Ku nawa ne a ajin?"

"Ɗari."

"Masu shiga fa?"

"Tamanin. Sauran ashirin mu ne manyan gari."

"To saurara, babban gari. Cikin tamanin, goma suka faɗi, saba'in suka haye. Wato duk mutum ɗaya da ya faɗi, bakwai sun ci. Ku fa? Goma sun ci, goma sun sha ƙasa. Ɗaya da ɗaya, kamar an jefa dala sama. Ba a fara tambaya daga waɗanda suka faɗi. Cewa ake yi, in mutum yana shiga, yaya rabonsa? In ba ya shiga, yaya rabonsa? Can bakwai da ɗaya, nan ɗaya da ɗaya. Rinjayen mai shiga ya ninka naku sau bakwai."

Na ƙirga da yatsuna, na ce wallahi haka ne. Seyni ya harare ni.

"Masu shigan ai dama masu kai ne," ya ce. "Ko a gindin bishiya suka kwana za su ci. Ba ajin ne ya ba su ba."

"Iye! Yau bawa ya yi magana mai kai. Ni ma na yi wannan tunanin. Shi ya sa na nemo wanda duk Yamai ta shaida ba shi da kai, na ja shi aji shekara guda don in gwada."

"Wa ke nan?"

"Ga shi nan yana jiran shayi."

Duk fadar aka kwashe da dariya. Ta gyara mayafi ta ce, "Af, na manta. Baba ya ce in tambaye ka lambar takalmin roba da kake sawa. An ce gonar da laka."

Nan dariya ta ɗauke. Seyni ya dubi ruwan kogi, ya dube ta. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Bibata, don girman Allah. Kin gani?"

"Sake faɗin sunan, ban ji da kyau ba."

"Bibata."

"Maki sha uku cikin ashirin. Ka haye, marar kai!"

Wani tsalle da ya daka sai da ya shure butar shayi, gawayi ya watse. Ya rungume ni, ya rungume mai gadin shagon da ke kusa, yana ihu, "Kollo ta nemi wani! Na faɗa muku kaina ne! Ke nawa kika samu?"

"Sha shida."

"Amsata kika leƙa."

"Da na leƙa taka, da yanzu tare muke neman takalmin roba."

Ya tsaya yana haki, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya tsallaka titi da gudu wurin mai suyar kifi, ya zaɓo mafi girma a kaskon, ya dawo ya durƙusa gabanta da shi a hannu biyu.

"Na yarda. Lissafinki ya ci, ni ma na ci a bayansa."

Bibata ta karɓa, ta ɓalle kan kifin ta miƙa masa.

"Ungo, haɗa da naka. An ce ajin gaba ya fi wuya."