Ƙuli-ƙulin Malam Sani

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ko da zan tsufa in manta sunan unguwarmu a Dogon Dutsi.

Lokacin ina koyon rubuta kod, wato umarnin kwamfuta, wurin Mushe Idi (haka muke kiran malamin boko a nan Nijar), mu goma sha biyu a ɗaki ɗaya. Shi ne ya saka mu cikin aikin wata manhaja ta sanar da manoma labarin ruwan sama, irin wadda kowa a duniya ke iya karanta kod ɗinta ya kawo gyara. Burina ɗaya: a karɓi gyarana na farko, sunana ya shiga jerin masu aikin.

Na tura. Kafin in ajiye kofin shayi, wani mai suna Sani ya amsa: "Layi na arba'in ya yi tsawo." Hoton bishiya ne a gefen sunansa. Na ce a raina, ga dattijo mai kunya, ga kula.

Tarbiyya ba ta bar ni in amsa haka kawai ba. Na gaishe shi, na tambayi iyali da gajiya, na yi masa barka da damina. Sannan na bayyana masa cewa layin nan bayani ne kan ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko a gonar kakata ta Kiyeshe, don Allah ya bar mini shi. (Eh, waƙa na saka cikin kod. Kada ku tambaye ni.)

Ya amsa: "Layi na arba'in ya yi tsawo."

Na sake roƙo, na ƙara ladabi. Ya maimaita, ko harafi bai canza ba. Sau huɗu. A gidanmu, idan babba ya maimaita magana bai amsa gaisuwa ba, an ɓata masa rai ke nan, kuma yaro ba ya gyara wannan da bakinsa, sai ya nemi wani babba ya shiga tsakani.

Ranar Asabar na ƙulla ƙuli-ƙulin Inna a leda, na durƙusa gaban Mushe Idi, ɗalibai na kallo.

"Mushe, don Allah ka ba Malam Sani haƙuri. Ga wannan a aika mishi."

"Wane Malam Sani?"

"Mai duba aiki. Fushi yake da ni."

Mushe ya haska shafin a bango, ya karanta gaisuwata tun daga farko, a hankali, har wurin da na tambayi lafiyar yara. Ya cire tabarau ya goge.

"Ɗiyata, wanga ai robo ne. Injin da anka sa shi ƙirga tsawon layi. Ba shi da iyali."

Ƙawata Hadiza ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa. Da ta ɗago sai ta ce, "To amarya, yaushe za a kai goro?"

Na tambaya ko ana iya share gaisuwar daga shafin. Mushe ya ce mutum bakwai sun riga sun saka alamar dariya, ɗaya ma daga wata ƙasa.

Nan take na raba layin gida biyu. Minti ɗaya bai cika ba Sani ya saka koriyar alamar amincewa, kafin la'asar masu manhajar suka karɓi aikina. Ƙuli-ƙulin kuwa, ajin ya cinye a madadinsa.

Abin da na koya: in inji ya ce layi ya yi tsawo, a rage layi, a ajiye gaisuwa ga mai iya amsawa. Amma gaskiya, har yau in Sani ya yi magana, sai na ce "sannu da aiki" a zuci kafin in taɓa kod.