Likita Gwangwani da Yayen Ubale

Matso kusa, gyara zama, ka ji labarin babban mutum. Malam Balarabe duba-gari, fitilar Burumburum! Wata uku cur ya yi yana kwas a Kano, ya dawo da gajeren wando fari, da hular kwano, da ilimin da ya yi wa hular yawa. Don tsabar girmamawa, mutanen gari suka raɗa masa Likita Gwangwani.

Da yayen ɗansa Ubale ya zo, Inna, mahaifiyar Malam, wadda zana kawai ta raba gidajensu, ta zo ɗaukar jikanta yadda aka saba. Malam ya ɗaga hannu.

"Inna, zamani ya wuce kunun gyaɗa. Ɗana shayi zai sha da biskit, irin na 'ya'yan Razdan."

Madarar gwangwani kuwa, cokali guda a kofi, don ta yi auki. Wata biyu, Ubale ya daina tafiya. Ƙafafu kamar sillen kara, ciki ya yo gaba, gashi ya yi ja. Uwarsa Furera ta nuna wa Malam tana hawaye.

"Ke ba ki taɓa ganin Bature ba? Ai jan gashi gare su."

Furera ta share hawayenta. Amma kullum Malam ya hau keke ya tafi leƙen randunan mutane, sai ta miƙa wa Inna yaron ta saman zana. Can kuwa kunun gyaɗa, faten wake da zogale, da kindirmon ruga. Kafin a yanke dawa, Ubale na korar kaji.

Ranar da Sista Baturiya ta zo awon yara, Ubale ya rinjayi sa'o'insa a sikeli. Malam ya haye benci.

"Mata, ku buɗe ido! Wannan aikin ilimi ne. Yanzu za ku ga sirrin."

Ya haɗa shayi a gaban jama'a, ya miƙa. Ubale ya ture kofin, farin wando ya sha rabonsa. Yaro ya ruga ya cafke zanen kakarsa: "Inna, kunu!"

Inna ta buɗe 'yar ƙwarya. "Sha, maigidana." Ta harari benci. "Wancan ma da shi na raya shi, har ya sami ƙafar hawa sama."

Sista ta zaro alkalami, ta ce a faɗa mata yadda ake dama kunun, dalla-dalla. Tafinta kuwa ɗaya ne a garin. Haka Likita ya tsaya, wando na ɗiga, yana juya kunun gyaɗa zuwa Turanci.

To, kai da ka ji, wa ya kamata a ɗora wa hular kwanon nan?