Maganin Audi Ya Faɗa Rabon Gunduma

Jama'a, jiya a kan babur na wuni tsakanin Daura, Zango da Dutsi, har ƙuguna ya riƙe, ina bin gida-gida kamar mai cigiyar akuya. Kwalin magani nake nema.

Maƙwabcina Audi mai gyaɗa ne ba lafiya. Likita ya ce ciwon daji ne a ƙoda, irin wanda ba kasafai ake gani ba, kuma ya yi nisa. Amma akwai wasu ƙwayoyi da ke bin cutar ita kaɗai su bar lafiyayyen jiki, da sharaɗin a sha kullum, wata shida, ba fashi. Wata ƙungiyar agaji ta aiko da kwali shida, kowane ɗaya na wata guda, da sunan Audi ɓaro-ɓaro a jiki.

Sai kayan suka biyo ta hannun Mai Girma Shugaban Kwamitin Rabon Tallafi, Allah ya ƙara masa rawani. Mutum ne mai adalci, wallahi. Yana ganin kwali shida ya ce ba za a yi son kai a zamaninsa ba. Aka kafa rumfa, aka ɗauki hoto, aka raba wa gundumomi shida kamar takin zamani.

Raihana matar Audi ta same ni da kuka, ta ce, "Malam, ko ruwa ba ya zama a cikinsa." Raina ya ɓaci, na bi layin mai, na kama hanya.

A Zango na tarar da Nagoggo, dattijon da rabon ya faɗa wa, ya adana kwalin a cikin rumbu.

Na ce, "Baba, ƙodarka na ciwo ne?"

Ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Amma shekara ashirin ina rubuta suna, sai bana aka kira ni."

Da na gaya masa halin da Audi ke ciki, ya ɗauko kwalin ya kakkaɓe ƙaiƙayi, ya ce, "Kai masa. Ka ce ina gaishe shi." Na ji kunya kamar ni na yi rabon.

Kafin la'asar na haɗa biyar. Ɗaya har an buɗe za a gwada wa mai ciwon baya, Allah ya sa na iso. Likita ya duba su, yau da safe Audi ya haɗiye ƙwayar farko.

Na shida fa? Ashe bai kai gundumarsa ba, yana ofishin Mai Girma. Na je na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, maganin watan ƙarshe ne na mutum." Sakatarensa ya ce kwalin nan shaidar aiki ce, baƙi ake nuna wa, sai dai in rubuto takarda, kwamiti zai zauna bayan damina.

Na dawo na gaya wa Audi. Ya yi murmushi daga kan tabarma ya ce, "To, ka roƙe su su zauna kafin a zauna min makoki."