Jakin Kawu a Gonaki Bakwai

Ba zan taɓa mantawa da watana na farko a ofishin aikin gona na Gummi ba. Gwaji aka ɗauke ni, kuma Kawu Mamman, yayan Innata, shi ya tsaya mini.

Muna da hotunan gonakin shinkafa rututu, daga Anka har Bukkuyum, da wata manhaja mai zana girman shuka ta liƙa hoton kowace gona a gefe. Nauyinta ba a magana: ka danna, ka je ka sha ruwa, ka dawo tana tunani. Sai na nemo dabara. Na saita ta yadda in ta buɗe hoto sau ɗaya za ta riƙe shi, in ta sake ganin sunansa ta fito da na hannunta. Nan take ta koma gudu. (Ban gaya wa kowa yadda na yi ba, so nake a ce baiwa ce.)

Abin da ban lura da shi ba, kyamarorin ma'aikatanmu duk iri ɗaya ne, sunayen da suke ba hotuna ma ɗaya.

Ranar taron manoma oga ya ce in nuna aikina a bango. Kawu na sahun gaba, ya gama sanar da kowa cewa ni ɗansa ne. Na fara da gonarsa, ga jakinsa mai yagaggen kunne a bakin kunya. Aka yi tafi. Kaina ya kumbura, na shiga tsallake-tsallake don a ga sauri. Gonar Anka, ga jakin. Ta Nasarawa Burkullu can Bukkuyum, ga jakin. Har gonaki bakwai ban tsaya ba, fata nake ya gaji ya tafi.

Kawu ya gyara hula ya ce, "Ɗana, wanga jaki nau na. Yaushe yat tahi Bukkuyum ban sani ba?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na miƙe na faɗi gaskiya, na tabbata aikin ya tafi. Oga ya share hawayen dariya ya ce in gyara kafin Litinin.

A hanyar gida Kawu bai yi faɗa ba, tsire ma ya saya mini. Tun ranar, duk abin da na sa ya yi sauri sai na koma na bi shi a hankali, ina neman jaki.