Nomau da Ciwon Kuncin Tabawa

Ku gyara zama ku ji. A ƙauyen Gidan Marke an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba. In ana gayyar noma shi ake fara kira. Matsalarsa guda ce tak: yadda magana ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Su uku ne a gidan, sai jaki ɗaya: shi, da mahaifiyarsa Inna Hurera, da matarsa Tabawa mai tuyar ƙuli-ƙuli, wadda yake so kamar ransa.

Wata rana da safe Tabawa na wanke fuska a bakin randa. Ruwan na taɓa kuncinta na dama sai ta ƙwalla ƙara ta yar da buta. Wani ciwo ne ya tsarga mata daga haɓa zuwa kunne har tsakar ka, kamar an soka mata allurar da aka gasa a wuta. Kafin a ƙirga ashirin ya ɗauke, can kuma ya dawo.

"Wayyo Malam, kaina! Sara na yake yi!"

"Sara?" in ji Nomau. "A cikin gidana?"

Nan take ya tattara gatari da adda da lauje, ya bi maƙwabta gida-gida ya kwashe nasu, har na mahauci ya fizge mutumin na tsakiyar datsa ƙashi. Ya zuba su duka a rumbu, ya haye sama ya zauna. Ranar ba gidan da aka faskara itace, har azahar ba hayaƙi a unguwar. Mahauci kuwa ya zo da cinyar saniya a kafaɗa yana zagaya rumbun yana rantse-rantse, Nomau na leƙo shi yana cewa, "Sai na gane wanne ne a cikinsu."

Wata rana Inna Hurera ta lura ko sanyin iska ya busa ta bakin ƙofa sai Tabawa ta dafe kunci. Ta ja ɗanta gefe ta rage murya. "Nomau, wannan ba ciwon banza ba ne. Iska ce ta taɓa yarinyar nan." Ita aljanu take nufi. Shi kuwa ya zura babbar rigarsa sai gidan mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, ƙara na kawo."

"Kai da wa?"

"Ni da iska. Ta taɓa mini mata, da aurenta da komai."

Mai unguwa ya toshe baki da hannun riga, da ƙyar ya iya cewa, "To, je ka kamo ta ka kawo ta gabana."

Nomau ya sami buhu ya fita bayan gari. Ya yi sa'a wata guguwa ta taso, ya bi ta a guje har gona uku, ya faɗa tsakiyarta, ya ɗaure bakin buhu ya saɓo. Da aka kwance a gaban jama'a sai ga ƙaiƙayi da kazar mutane ta yi tsalle tana kyarkyara.

"Ita ta sulale, ranka ya daɗe," in ji Nomau yana haki, "amma ga wadda na same su tare."

Wata rana aka tura shi kemis ya sayo maganin ciwon kai. Mai kemis ya ce, "Ƙwaya biyu, sau uku a rana, bayan abinci." Nomau ya dawo yana ta maimaitawa kamar karatu. Da rana ta take tsaka ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda ba inuwa ko ta kara, ya ajiye tukunyar tuwo, ya zaunar da Tabawa a bayanta.

"Malam, me na yi maka?"

"Haka aka ce. Ga rana, ga abinci, ga ki a bayansa. Haɗiye."

Washegari hadari ya rufe sama, Nomau ya ɓoye maganin a hularsa ya ce ba za a saɓa doka ba. Gaskiyar magana kuma, a rana ko a inuwa, ƙwayar ba ta yi komai ba. Tabawa ta daina tauna sai kunu, ta daina tuya, magana ma sai ta gefen baki. Ta rame ƙwarai. Nomau ya kan zauna a bakin ɗakinta ya tasa tuwonsa a gaba ya kasa ci.

Wata rana yayanta Shekarau ya zo dubiya. Yana kallonta ya yanke hukunci. "Haƙori ne. Akwai mai cire haƙori a kasuwar Lahadi, ya fige na ɓangaren daman nan duka ta huta." Tabawa ta fara hawaye, don haƙoranta farare ne tas, ba ko ɗaya mai rami. Shekarau ya dubi Nomau. "Ni zan yi gaba a babur in kama mana layi. Kai ka ɗora ta a jaki, ka fita ta gabas ka miƙe. Kada ka kauce dama, kada ka kauce hagu, sai ka ga mutane zaune riƙe da kumatu."

"To, Yaya."

Suka kama hanya. A gindin wata tsamiya hanyar kasuwa ta yi kwana hagu. Nomau bai yi ba. Ya ratsa gonar albasa mai gona na binsa da fartanya, ya bi ta tsakiyar shanyar barkono shi da jaki suna ta atishawa, ya tsallake rafi ruwa har ƙugu. Tabawa na son ta ce ya tsaya, ciwo ya hana ta buɗe baki. Daga ƙarshe suka kutsa ta wata ɓarakar shinge, sai ga su a bayan asibitin gunduma, mutane jere a benci, wani riƙe da kai, wata riƙe da kunci.

"Alhamdu lillahi! Ina mai cire haƙorin?"

Wata likita ta fito jin hayaniya. Ta shigar da Tabawa, ta haska bakinta, sannan ta ɗan shafa kuncin da auduga. Tabawa ta zabura.

"Haƙoranki lafiya lau," in ji likitar. "Jijiyar fuska ce. Wani lokaci hanyar jini ke danne ta, sai taɓawa kaɗan, ko tauna, ko sanyin iska ya tayar da ita kamar jan lantarki. Wasu a baya yake kama su ya gangara ƙafa, wasu kuma sai bayan sun yi ƙuraje masu zafi. Maganin ciwon kai ba ya jin sa, yana da nasa daban. Da an cire haƙoran nan, da kin rasa su a banza, ciwon na nan." Ta ba su magani, ta ce su dawo bayan mako biyu, sannan ta ce wa Nomau, "Malam, ka riƙe matarka hannu bibbiyu."

Haka kuwa aka yi. Ya kama ta da hannu biyu tun daga ƙofar asibiti, ba hannun jan igiya, jaki ne ya kai su gida.

Kwana biyar ciwon ya lafa. Tabawa na zaune tana gurgurar gasasshiyar masara sai ga Shekarau, wanda a ranar kasuwar nan ya yini a layin mai cire haƙori har kasuwa ta watse.

"Kai Nomau! Ban ce maka ka miƙe ba?"

"Ai ni na miƙe, Yaya. Hanyar ce ta kauce."