Ranar da Na Tsere da Kabewa

Ko da zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a gidanmu na Sabon Gari ba, ranar da na gane iyakar jarumtata.

Kabewa ce ta jawo. Na shuka ta a tsakar gida, ta yi yaɗo, ta yi fure, amma sai furen ya bushe ya zube, ko ɗa ɗaya babu. Na kai kuka wurin Madam Rifkatu, wadda ke koyar da aikin gona a makarantarmu. Ta ce laifina ne, yawan fesa maganin ƙwari ya kori ƙudan zuman da ke kai garin fure daga wannan zuwa wancan. Ta ce in daina feshi, in bar zogale da ɗoɗɗoya su yi fure, in ajiye ruwa a kasko da 'yan duwatsu a ciki don su samu wurin sauka.

Duk na yi. Abin da ban gaya mata ba shi ne, tun da zuma ta harbe ni a fatar ido ina aji uku na firamare, ko ƙudan gida ne ya yi ƙara kusa da kunnena sai in zabura. Ban-ruwa ma da sassafe nake yi, kafin su fito. (Amma a ɗakin malamai ni ce mai yi wa mutane lacca cewa zuma ba ta taɓa wanda bai tsokane ta ba.)

Kabewa kuwa ta yi 'ya'ya, sai wanda ya gani.

Ranar, Inna, mahaifiyar maigidana, ta zo daga Achika. Na shimfiɗa mata tabarma a gindin gwaiba, na kwantar da Hanifa, 'yata mai wata bakwai, a gefenta. Na je na tsinko babbar kabewa, na tsaya ina yi wa matar da ta shekara hamsin tana noma bayanin yadda fure ke zama ɗa. Tana ta cewa madalla.

Sai na ji wata ƙara kamar injin niƙa daga nesa. Na ɗaga kai, na ga wani baƙin abu ya tsallako katanga kamar hayaƙi. Zuma ce, gari guda.

Ban san lokacin da na yi gudu ba. Na dai tsinci kaina a ɗaka, na danna sakata. Sai da na ja numfashi sannan na tuna Hanifa.

Na leƙa ta taga. Sun dunƙule a reshen gwaibar, girman tulu, daidai saman tabarmar, wasu suna ta shawagi. Na ɗora hannu a kan sakata, hannun ya ƙi. Wallahi na so in fita. Ina hango fuskar yarinyar a kumbure, ina hango mu a asibiti, ina tunanin abin da zan ce wa babanta, amma na kasa fita. Abin da na iya kawai shi ne ihu.

Inna ko motsi ba ta yi ba. Ta ja mayafinta a hankali ta lulluɓe yarinyar, ta ce, "'Yar nan, rufe bakinki. Matafiya ne, hutawa suke yi. Ihunki ne zai tayar da su."

Na daina ihun. Ta ɗauki Hanifa, ta miƙe sannu-sannu, ta tako kamar mai tsoron tayar da mai barci, har bakin ƙofa. Ta ƙwanƙwasa. Ni kuma (Allah ya yafe mini) sai na tambaye ta ko akwai zumar da ta biyo ta.

Da na buɗe, Inna ba fuskata ta kalla ba, hannuna ta kalla. Na duba. Ashe tun ɗazu ina rungume da kabewar a ƙirji, na tallafe ta da kyau. Na tsere da kabewa, na bar 'yata.

Hanifa ko farkawa ba ta yi ba. Da la'asar wani mai kiwon zuma ya zo da amya ya kwashe su, har yana yi mini godiya. Amma ihuna ya riga ya tara matan unguwa, kuma kowacce tana son jin yadda aka yi jaririya ta kasance a waje, uwarta a ciki. Na sunkuyar da kai ina jiran Inna ta fasa ƙwai.

Sai ta ce, "Ku ƙyale ta, kunyar 'yar fari ce."

Hanifa ita ce ta uku, kuma duk sun sani. Har da masu riƙe ciki don dariya.

Lambun yana nan, ban koma feshi ba, zuma na zuwa tana aikinta. Laccar ce dai na daina. Yanzu in aka tambaye ni sirrin kabewata, sai in faɗi na kasko da zogale, in ƙara da cewa duk mai son gayyatar zuma gidansa, ya fara tabbatar da yana da suruka irin tawa.